Ludayin Fura da Kwalbar Ƙwayoyi

A daminar 2022 wata mata ƴar Damagaram ta zo babban hutu daga birnin Liyon na ƙasar Faransa, inda take zaune da mijinta. Tana riƙe da ɗanta mai shekara 7, a cikin jakarta kuma akwai ƙaramin littafin rubutu da wata kwalba ta ƙwayoyi. Tun yaron yana da shekara 3 likitoci suka tabbatar yana da larurar da ake kira otizim: maganarsa ta yi jinkiri, bai cika haɗa ido da mutane ba, hayaniya tana firgita shi. Shekara uku ke nan bai ɗanɗana burodi ba, bai sha madara ba.

Ba likita ne ya hana shi ba. Uwar ce ta ji labari wajen wasu iyaye masu irin damuwarta, cewa idan aka cire alkama da nono daga abincin yaro, hankalinsa yakan dawo jikinsa. Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ta kama.

Wannan ra'ayi yana da asali. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadarin gina jiki mai suna gulutan, shi ne yake sa ƙullin burodi ya yi danƙo. A cikin madarar saniya kuma akwai kazeyin, wanda shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na abin gina jikin da ke cikinta. Tun daga 1979 wasu masana a Amurka, sannan a Norwe, suka yi zaton idan waɗannan biyu ba su narke sosai ba, gutsattsarinsu suna ratsa hanji su kai ga ƙwaƙwalwa. Zato ne mai daɗin ji, amma da aka gwada shi bai tsaya da ƙafarsa ba. Hukumar tsabtar abinci ta Faransa ta bi diddigin binciken da aka yi, ta ce a 2009 babu hujjar da ta nuna amfanin wannan horon abinci ga masu otizim. A 2016 aka buga sakamakon wani gwaji na jami'ar Rocesta a Amurka, inda aka riƙa ba yara 14 alkama ko madara a ɓoye cikin abinci, ba tare da iyaye ko masu lura sun san ranar da aka sa ba. Ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a halayensu ko barcinsu.

Uwar ta san duk wannan daga baya, amma tsoro bai san lissafi ba. Ta ga ɗanta ya fara haɗa kalmomi a cikin shekarun nan uku, ta ɗora nasarar a kan abincin. A lokaci guda tana ganin abin da horon yake ci mata. Yaro mai otizim dama mai zaɓen abinci ne. Yanzu abin da yake yarda ya ci bai wuce kala biyar ba. A lakwal yana zama gefe da ɗan kwanonsa, sauran yara suna cin na kantin tare. Kuɗin fulawa ta musamman ya ninka na ta kowa. Likitar yara kuma ta yi mata gargaɗi a kan ƙashinsa, domin madara tana cikin manyan hanyoyin samun sinadarin kalsiyom, kusan miligiram 120 a kowane mililita 100.

Da ta yanke shawarar sassautawa, sai iyayen nan suka nuna mata wata gada: ƙwayoyin anzim. Anzim wani ma'aikaci ne da jiki yake yi da kansa, a miyau da ciki da hanji, yana yayyanka abinci ƙanana har jini ya iya ɗauka. Masu sayar da ƙwayoyin suna cewa idan yaro ya haɗiye ɗaya kafin cin abinci, za ta farfasa gulutan da kazeyin tun ba su yi ɓarna ba. Ta saya ba tare da takardar likita ba, domin a matsayin ƙarin abinci ake sayar da su, ba su bi ta tantancewar da ake yi wa magani ba.

Likitar ta karɓi kwalbar, ta juya ta, ta rarrabe mata abubuwa uku da mutane suke cakuɗawa. Na farko, akwai wanda cikinsa ba ya narkar da sukarin madara, saboda ƙarancin anzim ɗin da ake kira laktaz. Shi kumburi da zawo ne rabonsa, kuma ƙwayar laktaz tana taimakonsa da gaske. Na biyu, akwai wanda garkuwar jikinsa take yaƙar madarar kanta. Wannan kan iya kumburin fuska da toshewar numfashi cikin mintoci, kuma babu ƙwayar anzim da take kare shi. Na uku ita ce cutar seliyak, wadda take samun kusan mutum 1 cikin 100: gulutan yana sa jiki ya cinye gashin da ke shimfiɗe a cikin ƙaramin hanji, abinci ya daina shiga jini. Likitan yara ɗan Holan, Wilem Dike, shi ya nuna alhakin alkama a 1950, bayan ya lura yaran da ke fama da ita sun samu sauƙi lokacin yunwar 1944 da burodi ya ɓace. Maganinta barin alkama har ƙarshen rayuwa. A 2015 masu bincike a Laidin sun gwada ire-iren ƙwayoyin kasuwa guda 5, suka tarar ba sa rusa ɓangaren gulutan mai cutarwar.

Saboda haka ta tsara mata hanya. An gwada fatar yaron, ba a ga alamar jikinsa yana yaƙar madara ba, don haka ana iya farawa a gida. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, madara tukuna. A soma da wadda aka gasa cikin wani abinci, sannan dafaffiya, sannan kindirmo da cuku, tsurar madara ta zo ƙarshe, ana ba kowane mataki kwanaki, ana rubuta bayan gida da barci da fata a littafi. Ta ƙara da cewa idan an haɗa da ƙwayoyin, kome ya faru ba za a san wa ya yi aikin ba. Uwar ta ji, amma kwalbar ta biyo ta har Damagaram.

A gidan mahaifiyarta, a unguwar Birni, ta tarar da abin da bai taɓa zo mata a rai ba. Abincin da take wahalar nema a kantunan Liyon shi ne abincin kowace rana a nan. Gero, dawa, masara, shinkafa da wake duk babu gulutan a cikinsu. Tuwo da miyar kuka, dambu da zogale, ƙosai, kunun tsamiya, babu wanda ya saɓa wa horon. Wuri biyu kaɗai aka samu saɓani: burodin safe, da furar rana.

Tsohuwa ta dama fura da nono, ta miƙa wa jikanta ludayi, tana tsokanarsa da mai gidana. Ɗiyar ta tare hannunta.

"Inna, ki yi haƙuri, bai kai nan ba tukuna. Cokali ɗaya nake ba shi, shi ma sai ya sha ƙwaya."

"Ke ƴar nan, da me na raine ki? Jikana ya zo gidana ya koma bai sha furata ba, me zan ce wa mutane?"

Aka bar maganar a nan. Mako biyu uwar tana ba shi ƙwaya da ɗan cokalinsa, tana rubutawa: barci lafiya, ciki lafiya. Ta fara yi wa ƙwayoyin godiya a zuci. Ran nan bayan la'asar ta dawo daga gaisuwar rasuwa da wuri, ta iske yaron zaune a tabarma kusa da kakarsa, ƙwarya a gabansu, farin gemu na nono a haɓarsa. Tsohuwa ba ta musa ba. Tun kwana na uku take ba shi, kullum, ba ƙwaya ba lissafi.

Uwar ta yi kuka, na fushi da na sauƙin zuciya a haɗe. Fushinta yana kan hanya. Kakar ba ta san an yi gwajin fata ba. Da yaron yana cikin masu yaƙar madara, da ludayin nan ya iya kai shi asibiti, ko abin da ya fi haka. Sa'a ta yi. Sai dai sa'ar ta amsa tambayar da littafin ya kasa amsawa: cikin yaron yana karɓar nono, kuma ba ƙwaya ce take karɓar masa ba. Abin da suka shirya a kai shi ne a riƙa tafasa madarar kafin a kwantar da ita, a kuma rubuta kowane ludayi.

Alkama ta jira komawarsu Faransa, domin gwajin jini na seliyak ba ya nuna gaskiya sai mutum ya yi makonni yana cin gulutan. Yaron ya ci burodinsa, aka ɗebi jini, ba a samu cutar ba. Otizim ɗinsa yana nan, bai ƙaru ba bai ragu ba. Yana ci gaba da zuwa wajen mai koya masa magana, yana cin abinci a teburi ɗaya da ƴan ajinsu.

Malaman makaranta na ƙasar nan suna da rabo a labarin. Burodi da taliya da fanke sun shiga garuruwa sosai. A 1999 an buga binciken da ya samu seliyak a jikin kashi 5,6 cikin 100 na yaran Sahrawi da aka gwada, al'ummar da fulawar alkama ta zama babban abincinta. Ɗalibin da kullum cikinsa a kumbure, yana zawo, ba ya girma ko da yana ci, ya cancanci a kai shi likita ya duba, kafin a hana shi wani abinci ko a saya masa ƙwaya a kasuwa.

Kwalbar tana Birni har yanzu. Tsohuwa ta zubar da ƙwayoyin, ta wanke ta, tana ajiye allura da zare a ciki.