Lissafin da na liƙa a ƙofar shago

Kwanan baya ina kwashe tarkacen ɗaki na ci karo da wani kwali cike da fayafayan kwamfuta irin na da, 'yan ƙananan nan masu kusurwa huɗu, kowanne da kwanan wata a jikinsa da rubutun hannuna. Su suka tuno mini da aikin raba wasiƙu da na yi a Dapchi daga 2003 zuwa 2006, da kuma wani kuskure da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Kamar da yawa daga cikinku, mu ma zuwa muka yi. Kakana daga Damagaram ya taso ya sauka Nguru yana cinikin gyaɗa da fatu, bayan layin dogo daga Kano ya iso garin a 1930, mahaifina kuma ya gangaro Dapchi ya kafa shago. To kun san halin irinmu, dangi a warwatse: wani yana Makka, wani Sudan, wani Kumasi, wani Legas. Wasiƙa kuwa sai ta hannun direba ko akwatin gidan wayar wani, wata biyu ba ta iso ba.

Lokacin ina karatu a Kano na karanta labarin FidoNet, tsarin da wani Ba'amurke mai suna Tom Jennings ya ƙirƙiro a 1984. Masu sha'awar kwamfuta kan mai da tasu ta gida allon saƙo, jama'a su kira ta layin tarho su ajiye wasiƙa, da dare kuma, sa'ad da kuɗin kira ya yi sauƙi, kwamfutocin su kira juna su yi musayar abin da ya taru. Wata manhaja ce ke kai saƙo, wata ta buɗe ƙunshin ta jefa kowace wasiƙa a mazauninta, wata kuma ta yi ƙidaya. A farkon shekarun 1990 ƙungiyoyi da dama a Afirka ta haka suke samun imel, ta hanyar GreenNet da ke Landan.

Sai na ce ai wannan mu ya dace da shi. Layin tarho ne ba mu da shi, amma muna da direba. Na buɗe adireshin imel guda ɗaya na kowa da kowa. Wani abokina mai aiki a kafen intanet a Damaturu yakan sauke wasiƙun ya zuba a faifai, direban motar Gashua ya miƙo mini in ya zo wucewa, ni kuma in ba shi na amsoshi. Mu biyun Pegasus Mail muke amfani da ita, manhajar kyauta ta David Harris ɗan New Zealand, domin kowace sabuwar wasiƙa fayil ɗinta daban, kwafa ba wuya.

Rabawar ce aiki. Manhajar tana karɓar dokoki: in ka ga kalma kaza a kan wasiƙa, kai ta jaka kaza, kuma daga sama zuwa ƙasa take bin su. Da farko da sunaye na tsara, sai ga shi masu suna Muhammadu sun fi a ƙirga, dokar da ke sama ta riƙa kwashe na kowa. Sai na ba kowane gida lamba, na ce mai aikowa ya rubuta ta a kan wasiƙa. Wadda ba ta dace da kowace doka ba takan faɗa wata jaka da na sa wa suna "marasa gida". Da yamma in ta da janareto, in buga, in naɗe, yara su kai.

Ƙidayar kuwa a Excel nake yi, don in san kuɗin takarda da tawada da fetur da ladan direba. Da ma a nan na tsaya. Amma na karanta cewa masu allon saƙo a Turai da Amurka kan nuna jerin waɗanda suka fi kowa rubutu, abin ya burge ni. Sai na buga nawa na liƙa a ƙofar shago: sunan gida, nawa suka aika, nawa suka samu.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Inna muke ce mata, ɗanta yana Jidda. Duk wata takan zo ta faɗa in rubuta masa. Wata uku a jere layinta yana nuna sifili a wajen samu. Ita ba ta karatun boko, amma jikokin kishiyarta suna yi. Ran nan bayan la'asar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, ashe kai ma tonon silili kake yi? Ni na san yarona bai rubuto ba, sai ka gaya wa gari?" Na ce, "Inna, ki gafarce ni, wallahi ban yi nufin haka ba." Ba ta ƙara cewa komai ba, ta juya.

A daren nan na cire takardar, na zauna ina bin jakunkuna ɗaya bayan ɗaya. Jama'a, a cikin "marasa gida" na tarar da wasiƙunsa biyu. Wani ne ya tura masa, bai sa lamba ba, sunan mahaifinsa kawai ya rubuta. Ni kuma na saba ganin jakar cike da tallace-tallacen banza har na daina buɗe ta, ƙidayata ma ba ta haɗa da ita ba. Ɗaya daga cikin wasiƙun tana cewa ya aiko da kuɗi ta hannun wani alhaji a Nguru. Yaron bai manta da uwarsa ba, ni na ɓoye saƙonsa, sannan na yi masa shelar rashin zumunci.

Da safe na kai mata da kaina na karanta mata. Ta yafe, amma daga ranar jikarta take aikowa, ba ta sake taka shagon ba.

Daga nan na canja abu uku: kullum da "marasa gida" nake fara aiki, adadin da ya shigo a faifai dole ya yi daidai da adadin da na raba kafin in kashe janareto, lissafin kowane gida kuma tsakanina da su ne. Da wayar salula ta wadatu aikin ya mutu da kansa, ko da yake a 2013, da aka katse layukan waya a Yobe lokacin dokar ta-ɓaci, na ga mutane sun koma ba direba takarda.

Duk wanda a cikinku yake riƙe da rajistar ƙungiya ko littafin adashi ko jerin gudummawar masallaci, don Allah ya duba abin da lissafinsa ya bari a waje kafin ya liƙa shi a bango. Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu ikon riƙe amana.