Dajin da Ƙasarsa Ta Ci Wuta

A tsibirin Borneo, ɓangaren Indonesiya, akwai dajin da ƙasarsa kanta makamashi ce. Sunansa Sebangau, dab da birnin Palangka Raya. Tun 2004 gwamnati ta killace shi, fili fiye da hekta 500,000. Na shiga cikinsa a kwalekwale mai inji daga Kereng Bangkirai kafin gobarar 2015, kuma Allah ya sani, idona bai taɓa ganin irinsa ba.

Ruwan kogin Sebangau baƙi wuluk ne, amma in ka kamfato shi a tafin hannu sai ka ga ja-ja-ja, garau. Da muka sauka, ƙasa ta riƙa lotsawa tana tsattsafo ruwa a ƙarƙashin ƙafata. Babu yashi, babu tsakuwa ko ɗaya. Ganye ne da saiwoyi da kututture suka yi dubban shekaru suna zuba cikin ruwa, suka kasa ruɓewa sarai, suka danne juna. Mutanen wurin gambut suke kiranta. A wasu wuraren zurfinta ya haura mita 10, alhali abin da take ƙaruwa a shekara bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Na ga wani tsiro da ɗan tulu ke rataye a bakin ganyensa, da murfinsa. Na leƙa ciki, sai ga tururuwa sun nutse a ruwan da zai narkar da su. Can sama kuma wata orangutan, katuwar birinya mai jan gashi marar wutsiya, tana lanƙwaso rassa tana shirya makwancinta na dare, ɗanta maƙale a kuiɓinta. Mai kwalekwalen ya kashe inji, muka yi tsit, bakina na ta tasbihi.

A 2015 ruwan sama ya yi jinkiri ƙwarai, wuta ta tashi a sassan ƙasar. Bankin Duniya ya ƙiyasta hekta miliyan 2.6 suka ƙone a faɗin Indonesiya. A watan Oktoba sararin Palangka Raya ya koma ruwan ɗorawa saboda hayaƙi, aka rufe makarantu, Musulmi suka fita sallar roƙon ruwa. Wutar gambut irin ta ƙaiƙayi ce: sama lafiya, ƙasa tana ci. Sai a kashe ta nan, ta bi ta ƙarƙashi ta ɓullo can bayan kwanaki.

Da na koma, yankin da wutar ta ratsa ya sa ni hawaye. Itatuwa da yawa ba su ƙone daga sama ba. Ƙasar da ke riƙe da su ce ta zama toka, suka kife, saiwoyinsu a waje. Ba kukan tsuntsu, ba inuwa. Tsakiyar dajin ta tsira, alhamdu lillahi, amma inda ya ƙone jikokin jikokinmu ma ba za su ga ƙasar ta cike ba.

Ni dai ban ɗora wa fari laifin duka ba. Gambut mai ruwa ba ta cin wuta. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Shugaba Suharto ta ƙudurta mayar da hekta miliyan ɗaya na lardin da dajin yake gonakin shinkafa, aka haƙa magudanai na tsawon fiye da kilomita 4,000 a gabashin kogin Sebangau. Shinkafa ba ta yi ba, aka watsar da aikin, ruwa kuwa ya ci gaba da tsiyayewa. Masu satar katako su ma suka haƙa nasu ƙananan magudanan a cikin dajin don fitar da gungume.

Ɗan Talata Mafara bai rasa fahimtar wannan. Madatsar Bakolori, da aka kammala a 1978, ta ba mu shinkafar rani, amma ta rage ambaliyar da fadamun ƙasan Gulbin Sakkwato suka dogara da ita, kuma dattawan Maradun da Bakura ba su manta da jinin manoman da ya zuba a kan madatsar a 1980 ba. Can da nan, an taɓa ruwa ba a tambayi masu zama a bakinsa ba.

A Janairun 2016 Shugaba Joko Widodo ya kafa hukumar farfaɗo da gambut, aka shiga toshe magudanai da katako da buhunan ƙasa domin ruwa ya tsaya. Aikin bai isa ko'ina ba. A 2019 wutar ta sake dawowa lardin.