MATUƘI BA JIRGI: NEMAN ƘUNGIYAR MATUƘA JIRGIN SAMA A GUSAU

Duk mai sana'ar da ya yi ƙaura zuwa wani gari a ƙasar Hausa ya san ƙofar da zai fara yi wa sallama. In maƙeri ne, ya nemi gidan Sarkin Maƙera. In mahauci ne, ya kai gaisuwa wurin Sarkin Fawa. In kuwa almajiri ne, ya tambayi zauren da malamai ke zaman karatu bayan sallar Asuba. Da ma masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne, amma kuma matambayi ba ya ɓata. To, abin da nake so in gabatar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a cikin wannan 'yar maƙala shi ne labarin wani mai sana'a da ya sauka Gusau, ya yi tambaya iyakar tambaya, bai sami sarkin sana'arsa ba, bai kuma sami abokin yinta ba. Wannan mutum kuwa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sana'ar tasa kuma tuƙin jirgin sama.

Asalin gidanmu Zamfara ne, amma a Zariya aka haife mu, a unguwar Palladan, inda aikin gwamnati ya zaunar da mahaifinmu shekara da shekaru. Wanda ya san wannan unguwa ya san tana maƙwabtaka da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Saboda haka mun tashi ƙananan jiragen ɗalibai na kewaya samanmu safe da yamma, har kunnenmu ya daina jin ƙararsu, kamar yadda mazaunin bakin kasuwa ba ya jin hayaniyarta. Yaya kaɗai ne kunnensa bai taɓa sabawa ba. Da ya gama sakandare ya nace, har Baba ya sayar da wata gonar gado da ke ƙasar Bunguɗu ya biya masa kuɗin koyo. Ya sami lasin na farko, watau wanda ke ba mutum izinin tuƙa ƙaramin jirgi don kansa ba don a biya shi ba. Daga nan kuɗi suka ƙare. A 2019 Baba ya yi ritaya, muka kwashe ya-namu-ya-namu muka koma Gusau.

Ya kamata in ɗan yi wa mai karatu bayanin wannan lasin, domin a cikinsa matsalar take. Bisa ƙa'idar da ƙasashen duniya ke bi, ba a ba mutum lasin na farko sai ya yi kimanin awa 40 a sama, waɗansu tare da malami, waɗansu shi kaɗai. Amma lasin da kamfani zai ɗauke shi aiki da shi yana bukatar har awa 200. Kowace tafiya ana rubuta ta a cikin wani littafi na musamman, da ranarta, da lambar jirgin, da yawan mintocin da aka yi. Wannan rata da ke tsakanin 40 da 200, matuƙi ne zai cike ta da aljihunsa, awa bayan awa. Bugu da ƙari, ba shi da ikon ɗaukar ko mutum ɗaya sai ya tashi ya sauka sau 3 a cikin kwana 90 da suka wuce, takardar likita kuma tana da ranar mutuwarta. Ashe ke nan tuƙin jirgi kamar hadda yake, in aka bar tilawa sai ya zube. Wanda ya iya keke ya iya har abada, amma ban da matuƙin jirgi.

A ƙasashen da wannan sana'a ta yi jijiya, maganin matsalar shi ne ƙungiyar matuƙa. Mutum 20 ko 30 za su haɗa kuɗi su sayi ƙaramin jirgi ɗaya, alal misali Cessna 172 mai kujera 4, wanda ake ƙerawa tun 1956. Kowa ya biya kuɗin wata don inshora da gyara da rumfar ajiya, kana ya biya gwargwadon awannin da ya tashi, domin akwai wani agogo a cikin jirgin mai ƙirga lokacin da inji ya yi yana aiki. Wani lokaci kuɗin awa ya haɗa da mai, wani lokaci mai hayar ne zai zuba nasa. Idan baƙon matuƙi ya zo gari, sai ya je ƙaramin filin jirgi mafi kusa, ya nuna lasinsa da littafinsa, malamin ƙungiya ya tashi da shi awa ɗaya ko biyu ya ga hannunsa, shi ke nan a miƙa masa makulli. A Amurka filayen da kowa ke da ikon sauka sun kai wajen 5,000. A Ingila gwamnati ce da kanta ta soma tallafa wa irin waɗannan ƙungiyoyi da ƙananan jirage a 1925. Ko a nan Afirka, an kafa irinta a Nairobi ta ƙasar Kenya tun 1927.

Wannan hoto Yaya ya zo da shi Gusau a zuciyarsa, ko da yake ya san ba Nairobi ya zo ba. Ni ne ɗan rakiyarsa, domin na riga shi sanin gari. Muka fara da ƙaramin filin saukar jirgi na Gusau. A bakin hanyar wurin muka tarar da wani dattijo a gindin bishiya, muka gaishe shi, Yaya ya ce, "Baba, don Allah ko akwai masu ba da hayar ƙaramin jirgi a nan?" Dattijon ya dube mu ya yi murmushi, ya amsa da Zamfarci tsantsa, "Ɗana, mi kaka biɗa? Nan jirgin manya ɗai ka sabka, shi aje su, shi tashi." A cikin wannan jimla guda ya ba mu amsar da muka shafe wata uku muna tabbatarwa.

Muka juya ga Sakkwato, mai nisan fiye da kilomita 200, inda filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yake, inda kuma alhazan Zamfara suka saba tashi zuwa Ƙasa Mai Tsarki. Can ma manyan jiragen fasinja muka samu. Yaya ya bi lambobin kamfanonin Abuja da Ikko da ya tsinto a intanet, duk suka ce suna da jirgi. Amma abin da suke bayarwa shata ce, watau a ba ka jirgi da matuƙansa, kai kuma ka zauna a baya a kawo maka shayi. Kuɗin tafiya ɗaya ya fi abin da aka sayar da gonar Baba. Shi kuwa Yaya kujerar gaba yake nema, ita ce kuma ba ta sayarwa.

Sai ya zama ba abin da ya rage illa komawa inda aka fito, domin wuraren koyon tuƙi na farar hula da ya sani a Arewa su ne Zariya da Ilori. Hanyar Zariya kuwa sai an bi ta Tsafe da Funtuwa. Na raka shi sau biyu, kuma kowane lokaci idan muka iso Kwatarkwashi sai ya ɗaga kai ya ƙura wa dutsen ido. Wannan dutse ya shahara da mikiya, har mutanen garin suna da bikin kamun maiki tun zamanin maguzanci. Yaya ya taɓa yi mini bayanin cewa tsuntsun ba ya wahalar da fiffikensa, iskar da rana ta ɗumama ce ke tasowa daga jikin dutse ta ɗauke shi, kuma da wannan dabara jirage marasa inji ke tashi a Turai. Amma a waɗannan shekaru hanyar ta zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, har Inna ba ta runtsawa sai ta ji ya sauka. Ta ce masa, "Ni ba saman nake tsoro ba, ƙasan nake tsoro." Sa'an nan a watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a farkon Maris kuma Gwamnatin Tarayya ta hana jirage shawagi a sararin Zamfara. Ko da a ce akwai ƙungiya a Gusau, da a ranar ta rufe rumfarta.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa abin ya kasance haka. Dalilan fili ba su da wuyar gani. Da dala ake sayen jirgi da kayan gyaransa. Yawancin ƙananan jirage wani fetur na musamman suke sha wanda sai an shigo da shi daga waje, ba irin kananzir ɗin manyan jirage ba. Ga kuma hazon hunturu, domin matuƙin da ke tafiya da ganin ido yana bukatar ya hangi nisan kilomita 5, alhali a watan Disamba ko Janairu wani lokaci ba ka ganin ƙarshen layinku. Ga rashin tsaro a kan duka.

Amma ni a ganina akwai wani dalili da ya fi waɗannan daɗewa, shi ne yadda jirgin sama ya shigo mana. Jiragen da suka fara sauka Kano a watan Nuwamba na 1925 guda 3 ne, na sojan Ingila, daga Masar suka taso. A shekarar da talakan Ingila ya sami ƙungiyar da zai koyi tuƙi, a shekarar Bakano ya tsaya bayan dogarai yana kallo. Filin jirgin Kano ya fara aiki sosai a 1936, ya zama zango tsakanin Turai da kudancin Afirka, daga baya ya zama ƙofar aikin Hajji. Tun daga lokacin jirgi ya tabbata kayan hukuma da soja da attajiri, Bahaushe kuwa fasinja.

Harshenmu ma shaida ne. Kalmar jirgi ta kwalekwale ce tun asali, tuƙi kuma aikin mai filafili ne a kan kogi. Da na dogo ya zo aka ce jirgin ƙasa, da na iska ya zo aka ce jirgin sama, wanda ke sauka a tsaye kuma aka yi masa suna mai daɗi, jirgi mai saukar ungulu. Duk waɗannan sunaye ne na mai kallo daga waje. In ka shiga ɗakin matuƙi, da wuya ka sami abu biyar masu sunan Hausa. Kwatanta da mota. Bakanike a Gusau yana da sunan kowane ƙarfe, daga kafireto har zuwa giya da kuloci da salansa, domin yaran mota sun kama ta da hannu sun hore ta a bakinsu. Ko a adabi, littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, na 1969, ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya, amma baƙon wata duniya ne ke tuƙa shi.

Kada a ce tsada kaɗai ce ta hana. Wasan folo ma ba na talaka ba ne, dokinsa na cin abin da gida guda ke ci, amma tun da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi ya sami gindin zama, ga shi yau akwai ƙungiyoyinsa a Katsina da Kano da Zariya da Kaduna. Kuma Bahaushe ba baƙon haɗa ƙarfi ba ne. Shi ya san gayya a gona, matansa suka san adashi, direbobinsa suka san ƙungiya a tasha. Ƙungiyar matuƙa ba kome ba ce illa adashin jirgi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, jinkar jirgi kuwa ta fi kowace nauyi.

Yanzu Yaya yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Gusau. Takardar likitansa ta mutu, littafin awanninsa ya tsaya bai kai rabin hanya ba. Baba bai taɓa ambatar gonar Bunguɗu a gabansa ba, shi ma bai taɓa ambatarta ba, amma duk gidan mun san tana nan tsakaninsu. Duk da haka yana tara abin da ya samu, kuma ya gano waɗansu samari biyu 'yan jihar masu irin lasinsa da irin halinsa, suna haɗuwa ran Asabar su yi bitar taswira da dokokin sama, don kada haddar ta zube gaba ɗaya. In an lura, ƙungiyar da ya zo nema bai samu ba, ita ce ya fara, sai dai ba ta da jirgi tukuna.

A 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da aikin gina babban filin jirgin sama a Gusau. Wannan abin farin ciki ne, musamman ga alhazai da 'yan kasuwa. Roƙona ga mahukunta shi ne a keɓe wani lungu na filin don ƙananan jirage, da rumfa guda, da kuɗin sauka mai sauƙi, ko Allah zai sa attajiran Zamfara su haɗu su ajiye jirgi ɗaya don 'ya'yan talakawa. Mu kuma 'yan Sashen Hausa namu aikin yana jiranmu. Zariya na da matuƙa da injiniyoyi masu jin Hausa kamar jakin Kano, mu kuma muna da ilmin ƙirƙirar kalmomi. In aka zauna tare, ba abin da zai hana a fitar da ɗan littafin da zai bayyana wa yaron Tsafe ko na Bunguɗu yadda fiffike ke ɗaukar jirgi, da harshen da ya sha a nono. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasa, Ya buɗe wa na baya hanyar sama, amin.