Renon Shuwaka a Ƙasar Sanyi

Abin da ya fi ɗaure mini kai cikin sha'anin lambu a Ingila shi ne, shuwakar nan da take tsaye a bakin rariya a gidajenmu na Basawa, wadda ko yaro aka aika maƙwabta zai karyo reshenta a soka a ƙasa ta kama, sai ga ta a wani kanti a Peckham, cikin birnin Landan, a 'yar tukunyar roba, tsawonta bai wuce taƙi ba, an yanka mata kuɗin da zai yi wa iyali cefanen mako a kasuwar Sabon Gari. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na saya, domin wanda harshensa ya saba da ɗacinta a miya ba ya jure rashinta.

Uzurin masu sayarwa shi ne sanyi, kuma haƙiƙa ba su yi ƙarya ba, gama jaura ta dare ɗaya tana iya hallaka ta. Saboda haka wajibi ne mai renonta ya shigar da ita ɗaki tun farkon Oktoba, ya ajiye ta a tagar da take fuskantar kudu, ya rage mata ruwa matuƙa don kada saiwar ta ruɓe, kada kuma ɗumin Afrilu ya ruɗe shi ya fitar da ita kafin ƙarshen Mayu. In fararen ƙwari sun taru a bayan ganye, ruwan sabulu ya wadatar.

Nizamin mutanen Ingila abin sha'awa ne, domin a lambun Kew, wanda aka kafa a 1759, tsiro yana da allo mai ɗauke da sunansa da ƙasar asalinsa, alhali mu da tashar binciken aikin gona take Samaru tun 1922, da wuya magidanci ya je neman ilimin abin da yake bayan ɗakinsa. Sai dai duk sa'ad da na tuna kuɗin tukunyar nan, nakan ga falalar maƙwabcin da yake ba da reshe sadaka.

Wanda shuwakarsa ta yi ƙarfi, ya yanki reshe mai kaurin alƙalami a watan Yuni, ya tsoma shi cikin kwalbar ruwa har saiwa ta fito, sa'an nan ya dasa, ya riƙa tsinke mata kai domin ta yi rassa.