Ramukan da na buɗe wa ƙofa

Ni na shawo kan baffanmu ya ba masu haƙar zinare gefen gonarmu ta gado, can bayan Gwashi. Shi ya so su ajiye kuɗi a hannun mai gari kafin su sa diga, a mayar musu ranar da suka cike ramukan. Na ce, "Haba Baffa, talakawa ne irinmu, ina za su samu? Ai sun yi alkawari." Ya dube ni, ya ce, "To, kai ka yi boko."

Da zinaren ya ƙare suka loda buhunansu da injin niƙa, suka tafi. Ƙasar sama, wadda ke ba mu gero, ta binnu ƙarƙashin tsakuwa. Damina ta cika ramukan, san noman maƙwabcinmu ya faɗa ɗaya ya karye. Mu muka biya.

Ba ni da uzuri, don ina nan a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega ta yi jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin wannan aiki, yara na ta shan guba, domin babu wanda ya ware ko sisi tun ana cin riba.

Ashe abin da Baffa ya nema doka ce a Amurka tun 1977: kamfanin haƙar kwal ba ya samun izini sai ya ba da jinginar gyaran ƙasa. Can ma an bar wasu manyan kamfanoni su tsaya wa kansu da sunansu kawai, sai da Alpha ya karye a 2015, Arch da Peabody a 2016, aka ga haɗarin haka. Dokarmu ta ma'adinai ta 2007 ita ma ta tanadi asusun gyara, amma wa ke bin sa a bakin rami?

Tun da aka ɗage haramcin haƙa a Zamfara a Disambar 2024, wasu sun sake zuwa. Na ce kuɗi tukuna, a rubuce, gaban mai gari, kuma a tara ƙasar sama gefe guda. Suka ce na cika tsanani, suka wuce gonar gaba. Na bi mai gonar har gida, na kai shi ya ga tamu.