Kangayen Rum A Idon Baƙi

Kwanakin nan na duƙufa kallon wasu tsofaffin hotunan birnin Rum, irin waɗanda ake karce zanen a jikin farantin tagulla, a shafa tawada, a danna a takarda. Wanda ya yi fice a cinikinsu shi ne Antonio Lafreri. Ba ɗan gari ba ne. Neman abinci ya kawo shi daga yankin da yau ke cikin Faransa, ya buɗe shago, ya zauna har mutuwarsa a 1577. Mai saye kan zaɓi takardun da yake so a ɗinke masa littafi, shi ya sa da wuya ka samu kwafi biyu iri ɗaya.

A wasu hotunan mai zane ya cike duk inda gini ya zube, sai ka ga Kolosiyam tsaye cif kamar ranar da Sarki Titus ya buɗe shi a shekara ta 80. Waɗannan na fariya ne: Rum ta taɓa juya duniya, fafaroma da manyan gari kuma na so a san su ne magada. Ba su cika burge ni ba.

Na fi daɗewa a kan na Etienne Duperac, shi ma Bafaranshe, da aka buga a 1575. Ya zana dandalin Forum yadda ya tarar da shi. Ƙofar nasara ta Sarki Septimius Severus ƙasa ta haɗiye gindinta, ciyawa ta tsiro a kan bango. Wurin da majalisar Rum ke yanke wa ƙasashe hukunci ya koma makiyaya da kasuwar dabbobi, har ana kiransa Campo Vaccino, wato filin shanu. Kara ke nan fa, irin tamu ta Agege!

A zamanin, masu gari na kwasar duwatsun kangayen suna gina fadoji, suna ƙona marmara don aikin gini. Da yawan masu tsayawa su zana kuwa baƙi ne kamarmu. Abin ya tsaya mini a rai, don tsofaffin gidajen zangonmu ɗaya bayan ɗaya suke komawa shaguna, ban ga mai ɗaukar ko hoto ba.

Cikin abin da Duperac ya zana akwai wani gini mai hawa uku, Septizodium. Fafaroma Sixtus na biyar ya sa aka fara rushe shi a 1588, aka rarraba duwatsunsa a wasu ayyuka. Mai son ganin siffarsa yau sai dai a takarda.