MAKOKO: UNGUWAR MASUNTA DA BIRNIN IKKO YA RUTSA DA ITA

Duk matafiyin da ya shiga Ikko da sassafe, ya hau babbar gada ta uku wadda ta haɗa tsibiri da sauran gari, in ya waiga wajen Yaba zai hangi wani hayaƙi shuɗi-shuɗi ya kwanta a kan ruwa. A ƙarƙashin hayaƙin nan akwai gidajen katako da kwano, kowanne a tsaye bisa dirkoki, ga kwalekwale suna kai da kawowa a tsakaninsu. To, wannan ita ce Makoko, hayaƙin kuwa na bandar kifi ne. Ita gadar, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, a shekarar 1990 aka gama ta. Makoko kuwa ta girme ta da fiye da shekara ɗari.

Masunta ne suka kafa wurin. Yawancinsu Egun ne waɗanda suka fito daga wajen Badagari da ƙasar Dahomey, watau Jamhuriyar Benin ta yanzu. Daga baya Ilaje da sauran Yarbawa da kuma Ijo suka zo suka tarad da su. Saboda haka baƙo yakan ji Egun da Yarbanci da Faransanci duk a bakin kwata guda. Abin da ake kira Makoko a dunƙule ƙauyuka ne guda 6. Huɗu suna bisa ruwa, su ne Oko Agbon da Adogbo da Migbewhe da Yanshiwhe. Biyu kuma, Sogunro da Apollo, suna kan tudu. Kowane ƙauye yana da Bale, kamar yadda ake da mai unguwa ko dagaci a ƙasar Hausa.

ZAMAN RUWA

A ɓangaren ruwa babu titi, babu mota, babu ko keke. Kwalekwale shi ne kome. Da shi ake zuwa makaranta da coci da masallaci, da shi ake kai mai naƙuda wurin unguwarzoma. Mai koko da mai tumatir da mai sabulu duk a cikinsa suke talla, su tsaya a ƙofar gida a miƙo kuɗi su miƙa kaya. Yaro ɗan shekara biyar yana tuƙi da gora kamar wanda aka haifa da ita a hannu. Maza su fita su tun da dare, mata su karɓi kifin su banda shi, su kai kasuwannin gari.

Amma fa zaman ba na jin daɗi ba ne. Ruwan da ke ƙarƙashin gidajen baƙi ƙirin ne, gama nan shara da bahaya suke zuba. Ruwan sha saye ake yi daga masu rijiyar burtsatse. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ya zama ɗan gida. Mutanen wurin ba su musun wannan. Abin da suke cewa shi ne maganin ƙazanta gyara, ba kora ba.

Abin da ya fi sauro hana su barci shi ne darajar wurin. Jami'ar Legas tana nan kusa da su a Akoka. Yaba ta cika da kamfanonin matasa masu aikin kwamfuta. Can gaba kuma, a inda bakin tekun Bar Beach yake a da, an cike teku da yashi ana gina sabon birni mai suna Eko Atlantic. A garin da ake cike ruwa a sayad da shi fuloti-fuloti, masunci mai gida a bakin ruwa ya san idon masu kuɗi yana kansa. Ga kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Wanda ba shi da takardar shaidar mallaka, ko da kakansa ne ya kafa dirkar farko, hujjarsa ba ta da ƙarfi a ofis.

ABIN DA YA SAMI MAƘWABTA

Tsoron nan ba na banza ba ne. A watan Yuli na 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki, aka ba mutanen Maroko kwana 7 su tashi, sa'an nan katafila ta shiga. Mutane kimanin 300,000 suka rasa muhalli, filin kuwa yau manyan gidaje ne na masu hannu da shuni. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Makoko dai ruwa ya kewaye ta, amma wutar ta iso ta.

A watan Yuli na 2012, lokacin Gwamna Babatunde Fashola, ma'aikatar da ke kula da gaɓar ruwa ta aiko da takardar wa'adin awa 72. Ran 16 ga watan ma'aikata suka shigo cikin jiragen ruwa da adduna da zarto, suna sare dirkoki gidaje suna faɗawa ruwa. Hujjar hukuma ita ce gidajen sun matsa kusa da manyan wayoyin lantarki da suka ratsa ta kan ruwan, kuma suna ɓata muhalli. Iyalai da yawa suka koma kwana cikin kwalekwale a tsakiyar damina. Bayan 'yan kwanaki wani ɗan sanda ya harbe ɗaya daga cikin mataimakan Bale, ya mutu. Jama'a suka yi ɗango zuwa ofishin gwamna a Alausa, daga nan aka dakatad da rusau.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Wannan masifa ita ta koya wa unguwar cewa kuka kaɗai ba ya tsai da katafila. Masu sarautar Bale da ƙungiyoyin raya unguwa, da na mata da na samari, suka haɗa kai da wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a mai suna SERAC, suka gayyato masana tsara birane. Suka zauna suka rubuta nasu tsarin na gyara Makoko da Iwaya ba tare da an tashi kowa ba: gidaje masu inganci bisa ruwa, hanyar kwashe shara, asibiti, makarantu, da bunƙasa sana'ar su. A farkon 2014 suka miƙa wa gwamnatin jiha.

A daidai wannan lokaci ne wani masanin zanen gine-gine, Kunle Adeyemi, ya gina makaranta mai hawa uku wadda take yawo bisa ruwa, a kan gangunan roba fiye da 250. An gama ta a 2013, sunanta ya zaga duniya. A 2016 aka ba mai zanen lambar yabo a birnin Venice na Italiya, amma ba a jima ba, cikin watan Yuni na shekarar, ruwa da iska suka rushe makarantar. Allah ya kiyaye, an riga an kwashe yaran tun kafin nan. Darasin da aka koya shi ne gini ba ya tsayuwa da yabon baƙi, sai da mai kula da shi kullum.

A 2019 kuma samari da 'yan matan unguwar, da taimakon ƙungiyar Code for Africa, suka bi lungu-lungu cikin kwalekwale da wayoyin hannu suna zana taswirar garinsu. Suka sa makarantu da wuraren shan magani da wuraren ibada. Dalilinsu a fili yake: wurin da ba ya cikin taswira, kawad da shi ba wuya.

HUKUNCI A TAKARDA

Kotu ma ta taɓa magana. Bayan da Gwamna Akinwunmi Ambode ya ba da sanarwa a watan Oktoba na 2016 cewa za a rushe unguwannin bakin ruwa, aka kori mutanen Otodo Gbame da ke Lekki, su kimanin 30,000, tsakanin Nuwamba na 2016 da Afrilu na 2017. Unguwannin bakin ruwa suka haɗu suka kai ƙara. A watan Yuni na 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke cewa korar mutane ba tare da isasshen wa'adi da wurin komawa ba ta saɓa wa tsarin mulki, ta kuma umurci gwamnati ta zauna da su a yi shawara.

Duk da haka rusau bai tsaya ba. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa suka tashi mutanen Tarkwa Bay. A 2024 aka rushe Oko Baba, inda masu tsaga katako suka daɗe suna maƙwabtaka da Makoko. A ƙarshen 2025 da farkon 2026 kuma abin ya sake faɗa wa Makoko kanta, a ƙarƙashin gwamnatin Babajide Sanwo-Olu, bisa hujjar wayoyin lantarkin nan dai. Mazauna suka koka cewa an wuce iyakar da aka fara ambata musu nesa ba kusa ba.

Lalle maganar hukuma tana da kamshin gaskiya, domin ba mai hankalin da zai so a yi ta kwana ƙarƙashin wayar da in ta tsinke za ta hallaka jama'a. Amma bukatun mazauna ma ba su wuce kima ba. Suna so a auna iyaka a gabansu, a tsaya a kanta. Suna so wanda aka tasa a ba shi diyya da matsuguni. Suna so matsugunin ya kasance kusa da ruwa, gama masuncin da aka kai tudu an raba shi da gonarsa ke nan. Sa'an nan suna so a ɗauko tsarin da suka miƙa tun 2014 a duba.

Da magariba fitilun motoci sukan jeru a kan gada, ma'aikata suna komawa gida. A ƙasa kuma masunta suna kwance kwalekwale za su fita. Kifin da za su kamo, gobe a tukwanen mutanen kan gadar zai ƙare.